Ambulan ɗin Mama Saratu

Cikin shekara goma sha huɗu da na yi ina sakataren ikilisiyarmu ta unguwar Ɗan Iya, ranar da ta ƙi fita raina ita ce Lahadin da sabon fasto ya tambaye ni labarin Mama Saratu. Ku da za ku gaji kujerar nan, gara ku ji daga bakina kafin wani ya ƙara gishiri.

Ga wanda bai sani ba, in ɗan ikilisiya ya yi laifi a bainar jama'a, dattawa kan sa shi a horo. Zai koma bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci, har wa'adinsa ya cika. Sannan ya rubuto takardar tuba, sakatare ya kai wa dattawa, a karɓe shi. Sharaɗin takardar nan ni na kawo shi, na kuma yi ta hura hanci a kai.

Mama Saratu tattasai take sayarwa a kasuwar Muda Lawal, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta mari wata mata a harabar coci saboda matar ta zagi 'yarta. Aka sanar cewa tana horo. Wa'adin kuwa, wata shida, da sharaɗin takarda, na buga su tsaf, na liƙe a ambulan, na miƙa mata da kaina.

Sai aka kawo mana Rabaran Yohanna. Makonni yana wa'azi cewa Allah ya ɗaura alkawari da Ibrahim tun ba a ba Musa Shari'a ba, kuma Allah ne ya fara zuwa wurin mutum. Ya ce Shari'a madubi ce, tana nuna dattin fuska amma ba ta wankewa. Ina bencin gaba, babu wanda ya kai ni ɗaga murya wajen cewa amin.

Da aka tashi ya ce, “Sakatare, tsohuwar can ta baya, me ya sa farantin Jibi yake tsallake ta?”

Na buɗe littafin horo da ƙarfin gwiwa. Shekara uku da wata biyu ke nan tana horo. Na ce, “Baba, ba ta rubuto ba.”

“Ta iya rubutu?”

Ban taɓa tambayar ta ba.

Ya sa aka kira ta. Ta durƙusa, ta zaro ambulan ɗina daga jaka, ya yi laushi, ko buɗe shi ba a yi ba.

“Baba, wa zan kai wa ya karanta mini abin kunyata? Na ɗauka an cire ni ke nan har mutuwa. Na ma gode da aka bar ni ina jin waƙa.”

Amma da yake hali ba ya barin mai shi, sai na ji bakina yana cewa, “To Baba, ko ni in rubuta mata? Don ƙa'ida ta cika.”

Ya miƙo mini biro. “Rubuta, ƙa'idarka ce.”

“Da sunanta?”

“Da sunanka.”

Lahadi ta gaba Mama Saratu ta ci Jibi, ni kuma na tsaya gaban jama'a na karanta takardar tubata. Da muka fito ta kama hannuna ta ce, “Ɗana, kada ka sa a ranka, aiki ne ya yi maka yawa.” Wannan magana ta fi ƙona ni da a ce ta mare ni.

Abin da na koya bai da yawa. Littafin horo ya iya riƙe ranar da mutum ya faɗi, amma bai taɓa tashi ya je ya ɗago kowa ba, wannan sai an taka da ƙafa. Ambulan ɗin yana cikin durowar teburin nan ta hagu. In kun hau kujerar, kada ku jefar.