Asahel Pruitt, Wanda Ya Ƙi Ɗaga Hannu

Ranar Talata, tara ga watan Maris na shekarar nan ta 1858, da hantsi, Allah ya karɓi ran Asahel Pruitt, maƙerin ƙauyenmu Ansley ta jihar Illinois, yana da shekara sittin da bakwai, bayan ciwon ƙirji na kwana goma sha ɗaya. Ranar Alhamis aka binne shi a gefen gonarsa. Mu bakwai ne a bakin kabarin, har da masu haƙa. Matarsa Lavina, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, tana kwance a maƙabartar coci, kuma akwai fili a gefenta da aka bari dominsa. Dattawan coci suka ce wanda aka soke sunansa daga littafin ikkilisiya ba ya shiga wurin. Saboda wannan filin nake rubuta takardar nan, kuma na roƙi mai jarida ya buga ta yadda take.

Asahel, ka girme ni da shekara huɗu, amma tun ranar da ka auri Lavina kake ce mini Yaya, har kana tuɓe hula da gangan don ka ba ni haushi. A shekarar da dusar ƙanƙara ta binne shingaye, kai ne ka bi gida-gida da buhun masara a kafaɗa, ka fara da gwauruwar da ke bakin rafi, ka ƙare da naka gidan. Kana da wata ɗabi'a da muke yi maka dariya a kai: ba ka wuce doki ba tare da ka buɗe masa baki ka duba haƙora ba, ko na wane ne. Lavina takan ce da za ka samu dama, da ka duba na fasto yana tsakiyar wa'azi.

Wanda bai zauna a nan a 1843 ba, ba zai gane yadda gari ya yi zafi ba. Jihar Missouri na neman a miƙa mata shugaban 'yan ɗariƙar Mormon, an kama shi, kotun garinsu Nauvoo ta sake shi. Mu kuwa muka ce tunda babban ya kuɓuce, duk ƙaramin da ya shigo hannu zai ɗanɗana. A cikin wannan hali aka gurfanar da wani ɗan Mormon mai yin gangunan zuba kaya, Zenas Tolliver, bisa zargin satar goɗiyar wani mai suna Jubal Crane. Alƙali sau biyu yake zagayowa gundumarmu a shekara, ya yi mako guda ya wuce. Ni ne shugaban mutum goma sha biyun da za su ce mai laifi ne ko a'a. Aka ƙirga mu, aka tarar ɗaya bai zo ba. Bisa al'ada, ɗan doka ya leƙa waje ya damƙo duk wanda ya gani a tsaye. Kai kuwa ƙarfe ka zo saye. Ya same ka a jikin goɗiyar da ake shari'a a kanta, hannunka cikin bakinta.

Jubal ya rantse cewa a hannunsa aka haife ta, shekararta biyar. Zenas ya ce daga Ohio ya zo da ita, amma shaidunsa duk sun ji tsoron zuwa. Aka kulle mu a ɗakin sama, ba abinci, ba wuta, sai bakinmu ya zo ɗaya. Na ce wanda ya yarda mai laifi ne ya ɗaga hannu. Hannu goma sha ɗaya suka tashi.

“Yaya,” ka ce mini, “haƙoran goɗiyar nan sun nuna ta haura shekara goma sha biyu. Idan biyar gare ta, to ni ma ban isa aure ba.”

Na ce maka, “Kai dai ɗaga hannu mu tafi gida. In bai saci wannan ba, ai ya saci wata.”

Ka ce, “To a kawo watan, in duba bakinta.”

Tun azahar ta ranar Laraba har azahar ta Alhamis muna ɗakin nan, ga sanyin Oktoba. An lallashe ka, an zage ka, wani ya ci kwalarka. Ka zauna a kan benci ka tura hannuwanka biyu a hammata. Da alƙali ya ga lokacin tafiyarsa gunduma ta gaba ya yi, sai ya sallame mu ba hukunci. Kafin ya zagayo, Jubal ya janye ƙara, ba wanda ya tambaye shi dalili. Da ka ɗaga hannun nan, da Zenas ya tafi kurkuku ya bar mace da 'ya'ya biyar.

Yanzu na zo kan nawa laifin. A lokacin ina neman a zaɓe ni ƙaramin alƙalin ƙauye, kuma duk inda na shiga sai an ce mini, “Ina surukinka, lauyan Mormon?” Wata Asabar a wurin niƙa, mutum shida na tsaye, na ce ni ban yi mamaki ba, domin da idona na ga 'yan Mormon suna dulmiya ka a kogin Mississippi, suna yi maka baftismarsu. Ban ga komai ba. A nan tsaye na ƙirƙiro maganar, don in wanke kaina. Kafin Lahadi maganar ta kai ga dattawa, suka kira ni a asirce, na maimaita. Suka kira ka, ka ce ba a yi ba, sau ɗaya ka faɗa. Ka nemi a nuna maka shaidan, suka ce sun yi masa alkawarin rufin asiri. Aka soke sunanka. Ni kuwa na ci zaɓe, na yi shekara tara ina sa mutane su rantse za su faɗi gaskiya.

Maƙerarka ta yi shiru, mutane suka koma kai dawakinsu mil takwas. Amma duk wanda dabbarsa ta kwanta, ta bayan gida yake aiko maka, kuma ba ka taɓa cewa a'a ba. Da saniyata ta kasa haihuwa, ban aika ba, kai ka ji ka zo. Ka yi awa uku gwiwa a cikin taɓo har ka ciro ɗan maraƙin da rai. Ka wanke hannu, ka ce, “Yaya, ka ba ta ruwan ɗumi,” ka tafi. Duk Lahadi kana kawo Lavina coci a keken doki, ka jira ta a bakin shinge har a tashi. Ta rasu a 1851 tana cewa Allah ya saka maka a kan wanda ya yi maka ƙazafi, ni kuma ina zaune kusa da gadonta ina cewa amin.

Ranar da dattawa suka zauna kan maganar kabarinka, ina cikinsu, domin yanzu ni ma dattijon coci ne. Magana ɗaya ta isa a buɗe maka ƙofar nan. Na dubi 'ya'yana, na dubi furfurata, na yi shiru. Tsoro ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Jiya na tafi wurin 'yarka Orpha. Na same ta tana ninke tufafinka, na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata duk abin da na rubuta a nan. Ba ta daina ninkin ba.

“Ai ya sani, Kawu,” ta ce. “Mai niƙa ya gaya masa tun a makon. Ya hana a faɗa wa Mama don kada ta rasa ɗan'uwa. Na ce masa ya tona ka, ya ce in rabu da kai, ka fi shi bukatar cocin.”

Ni, Elkanah Sturgis, ina shaida wa dattawa da duk mai karanta wannan cewa Asahel Pruitt bai taɓa barin ikkilisiyarsa ba, ni na yi masa ƙarya. A mayar da sunansa, a ɗauko shi a kwantar kusa da matarsa. In kuwa dole sai an soke wani suna, ga nawa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Orpha da mijinta, da jikokin Asahel huɗu, da iyalin Zenas Tolliver a can yamma, idan takardar nan ta kai gare su. Allah ya ba ku haƙuri. Asahel, Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa, ya karɓe ka a inda ba a bukatar shaidar irina. Ni kuma, ku da kuka rage, ku roƙa mini gafara, domin wanda ya kamata in roƙa na bari har ya tafi.