Wa Zai Ce Mana Mota Ta Taso, Alhaji Sha'aban?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Alhaji Sha'aban mai tumatir a gidansa da ke ƙauyenmu, gabas da Minjibir. Ina fadama ina ban ruwa aka zo aka faɗa mini. Allah ya yafe mini, ina gama salati idona ya faɗa kan tumatirina da ya soma ja, na soma tunanin wanda zai kwashe shi yanzu.

Alhaji, ba ka da mota, ba ka saƙa kwando, gonarka ma ba ta kai tawa ba. Amma kai ka ɗaure mu wuri guda. Kafin ka sa hannu, kowa gaban kansa yake yi. Mu yi dashe tare, ya nuna tare, mu jibge shi a bakin titi muna ɗaga wa motoci hannu. Mai mota ya rasa kwando, mai kwando ya rasa mota, wanda ya isa kasuwa ya tarar ta cika. Awakin garin nan sun ci tumatir har sun gaji.

Kai ka raba mana dashe, wannan unguwa yau, waccan wani makon. Kai kake sanar da masaƙa na wajen Bici yawan kwandunan da za su kawo, ka sa wa direba rana, ka ji daga bakin mai saye a 'Yankaba ko kasuwa na son kaya. Motar da ta kai tumatir ba ta dawowa wayam, sai da taki. Dokarka ɗaya ce: ba a tsinka sai ka ce mota ta taso. Maƙwabcina Mati ya taɓa karya ta saboda gaggawa, kayansa suka narke a rana. Ba ka yi masa gori ba. Ka ba shi gurbinka a mota ta gaba, naka ya jira. Da wannan tsari muka rufa gidajenmu da kwano.

Sai dai ina da ƙorafi, Alhaji, kuma da kana raye ma zan faɗa. Ka riƙe igiyar nan kai kaɗai. Ranar sadakar uku duk sun zo: Kamaruddeen direba, masaƙa, da mai sayen da muka daɗe muna jin labarinsa ba mu taɓa ganinsa ba. Muka zauna tabarma ɗaya, ba wanda ya san ɗan'uwansa. Kowa ya gane cewa ga ranar haɗa kai, amma wa zai buɗe baki da zancen kasuwa a zaman makoki? Muka shafa fatiha, kowa ya ɗauki takalminsa.

Tun ranar, wasu sun soma tsinka ba mota. Jiya na wuce bakin titi, na ji warin ruɓaɓɓen tumatir da na manta da shi shekaru. Ga azumi ya ƙarato, ga nawa zai kai nan da mako, kuma shi ne abincin gidana na bana.

Da na shiga gaida mai ɗakinka, Hajiya Barira, ita ta tambaye ni ko mota ta zo. Na ce ba ta zo ba, na faɗa mata yadda muka watse da direba da masaƙa da mai saye ranar uku. Ta ce daga bayan labule, "Ku sake kiransu ranar bakwai, ku yi maganar a kan tabarmarsa. Kunyarku ba za ta amfane shi ba, ruɓewar kayanku ce za ta dame shi."

Na aika musu. Ban san ko za su zo ba, ban kuma san wanda za mu yarda ya ce mana tsinka mu tsinka, ya ce dakata mu dakata ba.

Allah ya jiƙanka, Alhaji, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da iyayenka a Aljanna kamar yadda ka haɗa mu. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Barira da 'ya'yanka da dukan manoman fadamarmu. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa kada mu watse tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Amin.