Kan Jirgin da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Mahaifina direban jirgin ƙasa ne, amma bai taɓa kai jirgi wani gari ba. Wannan abu ya daɗe yana ɗaure min kai. A Bukkuyum ba mu da layin dogo, don haka duk sanda ya zo hutu daga Gusau, mutane kan tare shi a kasuwa suna tambayar labarin Ikko. Sai ya yi dariya ya ce shi iyakarsa cikin tasha. Wani ɗan ƙaramin kan jirgi mai shan man dizal yake tuƙawa, aikinsa jera taragu: ya turo wannan, ya janye wancan, ya haɗa su, sannan babban kai ya zo ya tafi da su. Ni kuwa haushi nake ji. Ina amfanin jirgin da ke wuni yana gaba da baya kamar akuyar da aka ɗaure a turke?

Tsohuwa yake kiran kan jirgin nan nasa. Kowace safiya, in ji shi, sai ya bi ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu baƙin mai, in ta yi aiki kuma ya dafa gindin kowace ƙafa da bayan hannu ya ji ko ta ɗau zafi.

Bayan ya bar aiki ya koma noman gero da wake, har tsufa ya fara cin hankalinsa. Wata rana ya dube ni ya tambayi Inna ko baƙo aka yi. Da muka ji an gyara Tsohuwa an ajiye ta don tarihi, Inna ta ce min, "Kai shi ya gane ta da idonai, wataƙila hankalinai ya komo." Ban yarda ba, ban kuma ƙi ba. Ni da Baba muka hau ƙaramar bas zuwa Gusau, hanya duk ramuka.

Mun same ta a kan ɗan guntun layi, an kewaye ta da sarƙa, an shafe ta da koren fenti tana ƙyalli. Ni ta burge ni. Baba ya tsaya yana kallonta, ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Wagga ba ita ba ce," ya ce. "Ina sunka kai tawa?"

Ni dai ban taɓa ganin tasa ba. Kafin in ankara ya tsallake sarƙar, ya durƙusa yana laluben ramin da ake ɗiga mai. Fenti ya toshe shi. Ya ƙwaƙule da farce, sannan ya dafa gindin ƙafar da bayan hannu.

"Ita ce," ya ce. "Ta yi sanyi."

Murna ta kama ni, na ce a raina Inna ta yi gaskiya. Ya ɗago ya dube ni sosai, irin duban da ya daɗe bai yi min ba.

"Malam, nan kake aiki? In an tashe ta ka aika min. Ina da yaro Bukkuyum, na yi mai alkawalin hawa, har yau ban kawo shi ba."

Na ce masa to, zan aika.