Goggo Tani da Goyon Surayya

Duk matan gidanmu sun san yadda Goggo Tani ke ɗaura goyo. Ta duƙa, ta ɗora yarinya a baya, ta ja zane ta matse shi a saman ƙirji, ta soke, ta miƙe, duk cikin numfashi ɗaya. A daminar bara na ga wani abu ya ƙaru. Kafin ta matse, sai ta zura tafin hannu ƙarƙashin bakin zanen ta ɓangaren hagu, ta ɗan ɗaga shi, ta cije leɓe, sannan ta soke. Sau uku ina ganin haka.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata a Magarya. Shekarunta sun doshi hamsin. Sana'arta gumin shinkafa: ta jiƙa, ta turara a babbar tukunya, ta shanya, sannan a kai inji. Da haƙori take gane shinkafa ta bushe, ƙwaya ɗaya ta ishe ta. Ta haihu sau biyar, Hassana kaɗai ta rayu, amma bayanta bai taɓa zama babu ɗa ba. Ni da yayyena duk a nan muka yi barcin rana, muna shaƙar hayaƙin gumi.

Wadda ke bayan a yanzu Surayya ce, jikarta. Hassana ta rasu wajen haihuwarta a Rabah bayan doguwar naƙuda. Yarinyar ta rayu, sai dai shekararta huɗu ba ta tsayawa da ƙafafunta, wuyanta ma sai an tallafa. Idan aka kwantar da ita a tabarma takan sanƙare, ta yi kuka har ta shiɗe. A bayan Goggo ne kawai take sakin jiki. Da ita Goggo ke hura wuta, da ita take juya shinkafa, da ita take zuwa gaisuwar mutuwa da barka.

Ranar da na kalli ɗaurin goyon karo na huɗu sai Goggo ta kama ni.

"Ke Balki, mi kika kallo?"

"Ba komi, Goggo."

"Ba komi ya sa kinka ƙura min ido awa baƙuwa? Zo ɗaki."

Ta kama yatsuna ta ɗora a gefen nononta na hagu. Wani abu ne kamar ƙwallon dabino, mai tauri, ba ya gusawa. Babu wadda ta faɗi sunansa a cikinmu, domin mun san shi. Shi ya ɗauke kakata, mahaifiyar su Goggo. Shi ya ɗauke Goggo Laraba, yayarta da ke aure a Goronyo. An cire mata nono ɗaya ta warke, har ta koma kiwon awakinta, bayan shekara uku ya fito a ɗayan. Kafin a farga ya kai ga ƙashin bayanta.

Daga asibitin Wurno aka tura mu Sakkwato. Ni na raka ta saboda karanta takardu, Surayya kuma tana baya. Aka ɗebi ɗan tsoka da allura, aka ce mu dawo bayan mako uku. Da muka koma, likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ja kujera kusa da Goggo ta gaya mata cewa ciwon daji ne, amma bai bazu ba. Na hagu dole a cire shi, tare da ƙululun da ke hammata, sannan a bi da magani. Na dama lafiyarsa ƙalau a yanzu. Sai dai tunda uwa da 'yar'uwa sun yi, yiwuwar ya fito a can ta fi ta sauran mata. Ana iya barinsa a riƙa dubawa a kai a kai, ana kuma iya cire duka biyun a aiki ɗaya. Na biyun ya fi daɗewa a ɗakin tiyata, ya fi wuyar jinya, kuma ba alkawari ba ne cewa ciwon ba zai dawo ta wani wuri ba. Ta ce zaɓin na Goggo ne.

Goggo ta jijjiga Surayya da kafaɗa. Can ta ce, "Likita, in anka cire duka biyun, ina zane za shi tsaya?"

Likita ta fara yi mata bayanin wata rigar nono mai ciko, wadda in an sa babu mai ganewa.

"Ba ado nika nuhi ba, ɗiyata. Goyo."

Likita ta dubi yarinyar, ta dubi inda zanen ya kama, ta ajiye alƙalaminta. Ta ce gaskiya ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba. Abin da ta sani shi ne, ko ɗaya ko biyu, mako shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, kuma ba abin da zai matse wurin ɗinki sai ya warke sarai. Ta ba mu mako biyu mu yi shawara.

A gida kowa da tasa. Mahaifiyata ta ce a bar ɗaya, mace ta tashi da wani abu nata. Wata maƙwabciya ta ce a cire duka a huta. Baba Mode, mijin Goggo, manomin albasa ne a fadama, siriri, mai ƙarancin magana. Ya ce, "A cire mai ciwon, a bar mai lahiya. Abin da Allah bai taɓa ba, don mi za a taɓa shi?" Daga baya ya tare ni a zaure, yana kallon ƙasa, ya tambaye ni awa nawa mutum ke yi a kwance idan biyu za a cire, kuma ko kowa na farkawa. Sai na gane abin da yake tsoro.

Ita Goggo ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ci gaba da guminta. Wata rana ina taya ta baza shinkafa a tabarma ta ce, kamar da shinkafar take magana, "In na bar guda, zane ya samu wurin kamawa, in warke da wuri in ɗauki abuna. In na bar guda kuma yay yi min irin ta Yaya Laraba, yarinyag ga ta rasa baya gaba ɗai." Na ce ai yara 'yan shekara bakwai suna goyo ba su da komai a ƙirji. Ta ce, "Jinjiri suka goyawa, Balki. Ɗaga wagga ki ji." Na ɗaga Surayya. Ta yi nauyin tulu cike da ruwa, ga shi ba ta riƙe mutum da ƙafa kamar sauran yara.

Saura kwana huɗu mu koma, da hantsi, Baba Mode ya saɓa fartanya zai tafi dashen albasa, Goggo ta ce in je in rufe ƙofar zaure in sa sakata.

"Malam, aje hauyag ga ka tuɓe riga."

"In tuɓe riga? Lahiya?"

"Ƙirjinka nika so in ara. Duk gidan ga kai ɗai ka da irin wanda za a bar min."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce, "Tani, gaban ɗiya?"

"Ɗiyar ta ga abin da yaf fi wannan a asibiti. Duƙa."

Ya jingine fartanya, ya cire riga ya rage singileti, ya duƙa. Goggo ta kwance Surayya ta ɗora masa, yarinyar ta ƙwalla ƙara. Goggo ta ja zane ta matse a ƙirjinsa ta soke, ta ce ya taka. Taku huɗu ya yi zanen ya zame zuwa cikinsa, Surayya ta yi baya, na tare kanta da hannu biyu.

Goggo ta sake ɗaurawa, wannan karon da ƙarfinta duka.

"Wayyo! Kashe ni za ki yi? Numhwashi fa!"

"Shekara talatin nika yin shi ban ce wayyo ba. Taka."

Ya kai bakin rijiya kafin ya zame. Goggo ta tsaya tana kallon zanen a ƙugunsa. Babu wanda ya yi dariya. Na ga ta ɗora hannu a ƙirjinta, ta sauke.

Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani dogon mayafi mai kauri. Ta ratsa shi ƙarƙashin mazaunan yarinyar, ta baza shi har wuyanta, ta ɗora bakin nan biyu a kafaɗun Baba Mode, ta mayar da su baya ta gefen haƙarƙarinsa, kamar yadda 'yan makaranta ke rataya jaka. Ta gitta su a ƙasan Surayya, ta dawo da su gaba ta ƙulle a kan cibiyarsa. Babu abin da ya taɓa ƙirjin.

"Taka."

Ya taka har rijiya ya dawo.

"Duƙa awa za ka juya tukunya."

Ya duƙa, ya miƙe. Goyo bai motsa ba. Ta sa ya ɗauki bokiti, ta sa ya zauna a turmi ya tashi. Yana cikin zagaye tsakar gida na uku kukan Surayya ya fara raguwa. Ta lalubi kunnensa ta riƙe, ta kwantar da kumatu a wuyansa. Tun da aka kawo ta gidan daga Rabah ban taɓa ganin ta yi shiru a jikin wani ba.

Baba Mode ya rage murya don kada ya tashe ta. "To in mutane sunka gan ni haka?"

"Su gani."

Ya ƙara zagaye ɗaya. "Sati shida likita tac ce?"

"Shida. In biyu na, wata ƙila shi ɗara."

"Ƙanena shi kula da albasa." Ya tsaya a gabanta. "Biyun kinka zaɓa ke nan. Kin tabbata, Tani?"

"Ban tabbata ba, Malam. Ita likitar ma ba ta tabbata ba. Amma sau guda nika son in sauke yarinyag ga, ba sau biyu ba."

 Da ta miƙa hannu za ta kwance ƙullin sai ya kauce, ya ce ta bar Surayya ta yi barcinta. Ranar bai je fadama ba.

Muka koma Sakkwato, Goggo ta faɗa wa likita zaɓinta. Likita ta sake karanta mata duk abin da ke iya biyo baya, ta tambaye ta sau biyu, Goggo ta dangwala yatsa a takarda. Aka sa ranar Talata, aka ce mu kwana asibiti tun Litinin. An gaya mata za ta daɗe kafin ta iya ɗaga hannuwanta sama yadda ta saba.

Ranar Lahadi ba ta hura wutar gumi ba. Bayan azahar ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta kwantar da kan Surayya a cinyarta, ta tsefe mata gashi, ta shafa man kaɗanya. Ta yi mata kitso ƙanana ƙanana, irin wanda ke kai wata biyu bai warware ba. Sai da aka kira la'asar ta kama na ƙarshe.