Ranar da Aka Miƙa Mini Muciya a Nansha

Ni dai karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma a hirar da muke yi bayan sallar Juma'a a bakin Masallacin Huaisheng, can ƙasar waje inda muke zuwa sarin kaya, babu wanda ya kai ni digiri. Fannina mazarƙwaila. Duk wanda ya jefa suga a shayi a gabana sai ya sha lacca: mu a gidanmu, can wajen Maƙarfi, mu muke dafa ruwan rake, sana'ar ubana da kakana ke nan. Wannan kuwa gaskiya ne. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, ko sau ɗaya ban riƙe muciya ba. Aikina korar dokin da ke juya injin matse rake. Baba ya ce ba ni da haƙurin wuta, na yi zuciya na tafi Kano sayar da yadi. Har Allah Ya karɓi ransa ban koma bakin tukunyarsa ba.

Wanda ya fi kowa shan wannan lacca shi ne aminina, wani mutumin Maraɗi da muke kama ɗaki ɗaya a unguwar Sanyuanli duk zuwan da muka yi sarin kaya. Wani lokacin sanyi, matar da muke sayen yadi a shagonta, wadda muke kira Lawban, wato mai shago, ta gayyace mu karin kumallo a gonar iyayenta a Nansha, can bayan gari. Ta ce rake suke nomawa, kuma yanzu ake dafa shi.

"Alhaji, an kai ka gida!" in ji aminina. Dariyar da ya yi ba ta yi mini daɗi ba.

Mun isa da hantsi. Tun daga bakin hanya ƙamshin ya tare ni, wannan ƙamshi mai ɗan ƙauri-ƙauri da ke manne wa riga. Shekara hamsin ban shaƙe shi ba. Na tsaya kamar ina gyara takalmi don kada a ga fuskata. Can nesa ana hango ƙarafunan ɗaga kwantena na tashar jiragen ruwa, nan kusa kuwa rumfar kwano, tarin ɓawon rake, da manyan kasake jere a kan murhu. Doki ne kawai babu, injin lantarki ya gaje shi.

Uwar Lawban tana soya wata irin waina mai faɗi ta garin shinkafa, ƙanwar sinasir. Ta ɗago kaskon suyar ta nuna mana sabo ne fil, ta nuna mana kwalbar man gyaɗa, don hankalinmu ya kwanta. Uban kuwa, tsoho siriri da ya girme ni, yana tsaye kan kaskon ƙarshe yana juyawa.

Sai aminina ya gyara murya.

"Lawban, gaya wa Baba yau ya yi babban baƙo. Wannan da kike gani, a ƙasarsu shi ne sarkin wannan aiki."

"Kai, Malam, ka ji tsoron Allah," na ce ƙasa-ƙasa.

"Ni? Ai maganarka nake isarwa. Shekara nawa ina biyan kuɗin makaranta da kunnena?"

Ta fassara. Tsohon ya dube ni, ya goge hannu a wando, ya miƙo mini muciyar da hannu biyu. Lawban ta ce, "Baba ya ce kai za ka faɗi lokacin saukewa."

Kasko guda cike, aikin mutane tun asuba. In aka sauke da wuri ba zai daskare ba, in aka makara ya ƙone ya yi ɗaci. Ga aminina yana murmushi har kunne. Na ɗaga muciyar na duba yadda ruwan ke zuba, da fuskar likita, alhali ban san abin da nake nema ba.

Abu ɗaya na sani. Shekarun da na yi ina zagaye bayan doki, ido bai ga cikin tukunya ba, amma kunne ya ji. Da fari tana surutu kamar kasuwa, daga baya sai ta yi nauyi, ta koma nishi, fuf, fuf, ɗaya bayan ɗaya. Can sai in ji Babana ya ce a sauke. Don haka na rufe ido na ci gaba da juyawa.

"Barci yake yi," in ji aminina.

Na kasa kunne. Surutun ya ragu. Nishin ya zo, daidai yadda na bar shi a Maƙarfi.

"A sauke!" na faɗa da Hausa, da ƙarfin da ni kaina sai da na firgita.

Tsohon da wani surukinsa da ke taya shi aiki suka kwashe suka zuba a faifan katako. Muka zauna muna jira. Ya huce, amma ya ƙi daskarewa. Ya tsaya kamar zuma mai kauri. Tsohon ya lakata da yatsa, ya ɗanɗana, ya yi dariya, ya yi wata doguwar magana.

"Ya ce kunnenka na masu sana'a ne," in ji Lawban. "Amma bayan wannan ƙara, shi sai ya sha ƙaramin kofin shayi ɗaya tukuna yake saukewa. Ya ce wanda ya koya maka bai gaya maka a jira ba?"

Nan na tuna. Duk lokacin da tukunya ta fara nishi, in na gifta ta ƙofar rumfa, nakan ga Babana yana jan tasbihi a gaɓoɓin yatsunsa, ƙafa talatin da uku, sannan ya yi magana. Ni na ɗauka ibada ce kawai. Ibadar ce kuwa, amma ita ce agogonsa. Da na ƙara damina ɗaya a gida, da wataƙila ya gaya mini.

Na ba su haƙuri. Uwar ta ɗaga hannu, ta ɗebo abin da na ɓata da ludayi ta kwarara a kan wainar mai zafi. Lawban ta ce sauran za su ɗura a kwalabe, ba a yi asara ba, sai dai yau babu mazarƙwailar yankawa.

Muna ci, na ce wa aminina, "Malam, ban taɓa riƙe muciya ba sai yau. Doki nake kora."

Ya ci gaba da tauna bai ɗago ba.

"Na sani tun tuni. Mai dafa rake hannunsa duk tabon ƙuna ne, naka kuwa kamar na amarya."

"Shi ne ka jefa ni?"

"To, in ba a jefa ka ba, yaushe za ka riƙe ta? Miƙo min wainar can."

Na miƙa masa. Kafin mu tashi tsohon ya sake ɗora wani kasko, ya yafito ni. Wannan karon shi ya riƙe muciya, ni na tsaya gefensa. Da nishin ya zo, ya ɗauki kofinsa, ni kuma na fara bin gaɓoɓin yatsuna. Ya riga ni gamawa da ƙafa huɗu. Na ƙarasa tasbihina.