Tafin Hannun Baba Sa'idu da Hanyar Tunuga

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ajin firamare huɗu kawai na yi a lakwal, wato makarantar boko, ga kunya, shekara shida ina sayar da kunu a gefen rumfar Baba Sa'idu ban taɓa wuce gaisuwa ba. Amma an ce ƙarshen watan nan zai ajiye aiki saboda idonsa ya yi rauni, sai na kasa yin shiru.

Baba Sa'idu mai gyaran taya ne a bakin tashar Gaya. Kullum bayan sallar asuba yakan share gaban rumfa, ya jera tayoyi, ya zauna a kan tsohuwar janti, wato ƙarfen da ake ɗora taya a kai. Idan mota ta tsaya ba ya fara taɓa guduma. Tafin hannu yake bi da shi a kan zanen tayar, sannan ya tambayi direba: "Wace hanya kake bi?"

Haka ya tambayi yayana Habibu, direban motar haya, ranar da ya dawo daga kasuwar Malanbil da ke tsallaken iyaka da manyan janti masu ƙyalli da tayoyi masu faɗi, siraran gefe.

"Tunuga, Baba, kullum."

"To mayar da su. A busasshen titi suna kama ƙasa da kyau, ban musa ba. Amma a laka faɗin nan shawagi yake yi, ga zanen babu zurfi. Gefen kuma ba kauri, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarfen."

"Haba Baba, duk tasha su ake yayi!"

"Su ɗauki yayi, kai ka ɗauki mutane. Ba da hannuna ba, ɗana."

Ya sa masa ƙananan janti da taya mai kaurin gefe da zurfin zane. Abokan Habibu suka laƙaba wa motar suna Kaka, shi kuwa ya yi wata guda yana gaida Baba da ƙyar.

Da damina ta kankama, Ikilima matar Habibu tana wajen iyayenta a Tunuga, haihuwa ta zo mata da gardama. Ungozoma ta ce a kai ta asibitin Gaya yanzu, jini ya yi yawa. La'asar ce, an wuni ana ruwa, hanya ta zama kamar sabulu. Ni da Habibu muka je muka ɗauko ta, ina kujerar baya, kanta a cinyata. Mun wuce motoci biyu masu faɗin ƙafa sun zame gefe, ƙafafun suna juyawa a wuri ɗaya. Kaka ta yi ta cizon laka a hankali har muka hau titi. A ƙofar asibiti Habibu ya ce: "Allah ya saka wa tsohon nan."

Ikilima ta tashi lafiya. 'Yar da ta haifa, Nuriya, yanzu tana rarrafe.

Kai ne, Baba, mai karanta hanya a jikin taya. Ba ka shiga motar nan ba ranar, amma hannunka na ƙarƙashinta. Mun gode, Allah ya ƙara maka lafiya. Ku kuma masu wannan sana'a, ku riƙa tambayar hanya kafin ku ɗaura ƙafa, ku iya cewa a'a ko da za a yi fushi da ku.

Washegarin ranar da na rubuta wannan, da safe na ajiye tulun kunu, na tsaya gaban Baba da takardar, na karanta masa. Ya saurara yana shafa wata taya.

"'Yata, ashe kina magana?" Ya yi dariya. "Kin manta abu ɗaya. Ki ce su auna iska da safe, kafin taya ta ɗauki zafi."

Na ari biro a wajen Habibu, na durƙusa a kan jantinsa, na rubuta.