Shuɗin bula a likkafanin Goggo

Motata ƙarama ce, irin mai ƙofa a baya, wadda but ɗinta da kujerun baya duk ɗaki ɗaya ne. Tsohuwar Turai ce, amma ba ta taɓa ba ni kunya a hanya ba. Aibinta guda: tana dalala. A saman gilashin baya akwai wani ɗan tsinin roba da ke fesa wa waifa ruwa, to shi ne ba ya rufe baki. Ko tana tafiya ko tana tsaye, ɗis, ɗis, ruwa na gangarowa ta tsakiyar gilashi har kan lamba. Ƙurar layinmu na Arkilla kuwa ja ce, da ta samu danshi sai ta manne, motar ta zama kamar yaro mai majina.

Abin da ya ƙara tona asirinta shi ne launin ruwan. Na taɓa ganin ruwan waifa na kanti shuɗi ne, ni kuma mutum ne mai son abinsa ya yi kama da na kanti. Sai na riƙa haɗa nawa a gida: ruwan famfo, ɗan garin sabulu, da bula irin wadda matata ke sa wa fararen kaya. Abokan aikina suka samu abin yi. Kullum na ajiye mota a ofis sai wani ya tambaye ni ko na kai ta asibiti, murar nan ta daɗe. Matata ta ce in juye tankin kawai in huta. Na ƙi, don tanki ɗaya ne da na gilashin gaba, kuma ba na son a ce mota ta fi ƙarfina.

Na kai ta wurin wani bakanike. Ya duba tsinin, ya karya tsinken ashana ya cusa a ramin, ya ɗiga gam a kai ya hura.

"Ta ƙare," in ji shi. "Amma hwa kak ka sake murɗa na baya. Ka mance da shi."

Ɗigar ta tsaya. Na wanke motar na zagaya ofis da ita a hankali don kowa ya gani.

Ba a daɗe ba, wata safiya bayan asuba, mahaifina ya kira ni. Goggo ta rasu. Yayarsa ce, ita kaɗai ta rage masa a cikin ɗakinsu. A Kwalkwalawa take zaune tana noman shinkafa tun rasuwar mijinta, sai da ciwo ya ci ƙarfinta Baba ya ɗauko ta zuwa gidansa a birni, unguwar Gidan Dare. Muryarsa ba ta rawa. Ya ce za a yi jana'iza da hantsi saboda zafi, sannan ya ce:

"Ka tahi ƙauye ka ɗauko likkahwaninta. Ka san inda shi ke."

Kowa a danginmu ya san inda yake. Shekarar da Goggo ta je aikin hajji ba ta sayo zinari ba, ba ta sayo darduma ba. Farin yadi ta saya, ta jiƙa shi da ruwan zamzam, ta shanya shi a can ya bushe, ta naɗo abinta. Duk shekara bayan damina sai ta fito da shi daga akwatin ƙarfe ya sha iska, ta kira duk wanda ke kusa ta nuna masa. "Cikin wanga za ku sa ni. Wanda yas sa ni cikin na kasuwa, ni da shi." Muna dariya, ita ba ta yi. Ni ta fi damu da maganar, don ni ne mai mota.

Na isa Kwalkwalawa rana ta fara ɗagowa. Labari ya riga ni. Na tarar da tsofaffi a ƙofar gidan sun yi shiri, kowa na jiran motar da za ta kai shi birni. Aminiyar Goggo, wata tsohuwa siririya wadda ita ce za ta yi mata wanka, ta buɗe akwatin ta miƙo mini ƙunshin a cikin wani tsohon zane. Na ɗebi waɗanda mota za ta iya ɗauka: ita a gaba, wasu dattawa a baya sun matsu kamar buhunan albasa. Na ce ta riƙe ƙunshin a cinyarta. Ta ja jiki.

"Ba a aza likkahwani ga cinyar mai rai, ɗana. Sa shi baya."

Ban san inda ta samo wannan ba, kuma ba ranar gardama ba ce. Na ɗaga ƙofar baya, na kakkaɓe but, na kwantar da ƙunshin daf da bakin ƙofa don kada ya taɓa tayar safaya. Na rufe muka kama hanya.

Kafin gada muka faɗa bayan wata babbar mota mai ɗauke da yashi, ƙura ta rufe mu gaba da baya. Wayata na ta ƙara, yayana ne ke kira daga gidan rasuwa. Ina so in wuce motar, na duba madubi ban ga komai ba sai jan gilashi. Hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru, ya murɗa sandar waifa ta baya. Na ji ƙaramin injin ruwa yana gurnani. Waifa ta share busasshiyar ƙura. Ruwa bai fito ba. Na sake murɗawa, na riƙe, don haushi. Sai na ji wani ɗan sauti can baya, fut, kamar an cire murfin kwalba, gurnanin injin ya sauya ya yi sauƙi.

A nan maganar bakanike ta dawo mini. Ruwan na fita, tunda injin ya samu hanya. A gilashi kuwa babu ko ɗigo. Tiyon da ke kai wa tsinin ruwa ne ya cire, shi kuwa ta cikin ƙofar baya ya bi, ƙofar kuma tana bisa ƙunshin.

Na saki sandar, amma na san halin motata: in ruwa ya fara bin tiyon nan ba ya tsayawa don an sake shi. Na so in tsaya, babu wurin tsayawa. Hanyar siririya ce, fadama hagu da dama, masu kabu-kabu na ta kutsawa, ga garken shanu an tare a bakin gada. Dattawan baya suna ta salati ƙasa-ƙasa. Ƙamshin sabulu ya fara tasowa, na buɗe tagogi duka don kada wani ya ji.

"Mi ad da kai kake zuhwa haka?" tsohuwar ta tambaye ni.

"Zahi na, Inna."

Da muka haye gada na samu gefe na fara rage gudu, sai wayar ta sake ƙara. Yayana ya ce an gama haƙa kabari, liman ya iso, mata sun ɗora ruwan wanka, mu kaɗai ake jira. Na tuna in na buɗe but a nan, a gaban tsofaffin nan zan buɗe shi, a bakin titi, kuma ko me na gani ba abin da zan iya yi masa. Na taka mota. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar ni ake matsewa, ina lissafin yadda ruwan ke tsiyaya. Tsoro nake ji sosai, irin wanda ban ji ba ko da aka ce ta rasu.

Ƙofar gidan Baba cike take da mutane a kan tabarmi. Na wuce su na tsaya a lungun baya. Dattawan suka sauka, tsohuwar ta tsaya tana jiran ƙunshinta. Na ɗaga ƙofar. Ruwa ya zubo daga cikin rufinta ya sauka a takalmina. Zanen ya jiƙe sharkaf. Na warware shi, shuɗin ya ratsa ninkin farko, ya ratsa na biyu, duk inda na buɗe ga shi nan, babban tabo a wuri ɗaya, da kumfa a gefensa.

Tsohuwar ta yi salati a hankali ta dafa mota. Yayana ya zagayo yana faɗa tun daga nesa, da ya gani sai ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi yadin.

"A wanke shi," na ce. "Rana na da zahi, yanzu shi bushe."

"Bula ba ta hita da wanki guda," in ji tsohuwar. "In kuma kunka wanke shi, kun wanke zamzam ɗin. Mi yar rage?"

"To a aika kasuwa a yanko wani," in ji yayana. "Hwari dai anka ce. Mutane na cikin rana, ba a aje gawa don yadi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in shaƙe shi. Na ce ba za a sa ta a na kasuwa ba. Ya ce to in shiga in gaya wa liman za a sallaci Goggo cikin shuɗi. Muryoyinmu suka fara tashi, tsohuwar na cewa mu ji tsoron Allah, gawa na kwance a ciki. Ba mu ga fitowar Baba ba sai da ya tsaya a tsakaninmu da sandarsa.

Bai tambayi yadda aka yi ba. Ya karɓi yadin daga hannuna ya ɗaga shi, ya daɗe yana kallon tabon. Ya shafa shi da yatsa, ya sunsuna. Ina jira ya zage ni, da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya zaro makulli daga aljihun 'yar-cikinsa ya miƙa wa yayana.

"Tahi ɗakina, ƙarƙashin gado akwai akwati. Nawa na ciki. Shi ma ya sha zamzam, ita tak koya mani. A yanka mata shi."

Yayana ya tsaya da makulli a hannu. "Baba, kai hwa?"

"Tahi, ana jira."

Ya tafi da gudu. Tsohuwar ta bi shi ciki tana goge ido da gefen mayafi. Aka bar ni da Baba a lungun, ruwa na ci gaba da ɗiga daga ƙofar motar zuwa ƙasa. Na ce ya ba ni yadin in kai wa masu wanki da guga, ko in yi ta wanke shi da kaina har ya fita. Bai ba ni ba. Ya shimfiɗa shi a kan igiyar shanya da ke jikin katanga, ya gyara gefensa da kyau yadda ba zai taɓa ƙasa ba.

"Kak kowa shi wanke shi," ya ce. "In ya bushe ka naɗe ka sa mani cikin akwatin. Ranar da tawa taz zo, kai za ka ɗauko shi."